Malama Abibata da Tsutsa Mai Wuta a Ciki

Abibata 'yar unguwar Nima ce, a gindin tukunyar waakyen mahaifiyarta, wato shinkafa da wake, ta girma. Tun tana ƙarama in an aike ta ɗebo ruwa, sai an bi sawu a tarar da ita a durƙushe tana leƙen abin da ke motsi cikin bokiti. Da ta gama karatu ta zama malamar kimiyya a wata Islamiyya a Maamobi, ta kama ɗaki a gidan Alhaji Saddique, tsohon direban motar haya ta trotro wanda gobara ta taɓa lashe masa shago, bai kuwa manta ba.

A wata ƙorama can Aburi ta samo tsutsotsi masu faɗi, sirara kamar ɓawon albasa. Ta zuba su a kwalba tana ciyar da su da hanta, ta kuma aro madubin likita daga makaranta. Wata Asabar ta shimfiɗa ɗaya tsakanin gilasai biyu, ta leƙa, sai ta buga ihu: "Na ga wutar! Wallahi tana ci!"

Maƙwabciyarta Sabuwa tana wanki a tsakar gida, ta ji. Kafin la'asar, labari ya kai masallaci cewa Malama tana kiwon tsutsa mai wuta a ciki.

Alhaji ya faɗo ɗakin da bokitin ruwa, yana haki. "Malama, gidana katako ne! Fitar da su yanzu!"

"Baba Alhaji, ajiye ruwan ka leƙa tukuna."

Da ƙyar ya yarda. Ya yi bisimilla, ya runtse ido ɗaya, ya sunkuya. Can sai ya ja da baya. "Ei! Ga ta nan tana kaɗawa kamar kyandir!"

Abibata ta danne dariya. Ta ce masa ba wuta ba ce, ƙwayar halitta ce mai siffar ƙoƙo, cikinta da tuntun gashi ƙanana da ke karkaɗawa ba hutu. Kaɗawar ce ke zuƙo ruwan da ya yi wa tsutsar yawa, ya ratsa ta 'yan tsaga-tsaga, ya bi siririn bututu ya fita ta fata. "Ita ce ƙodarta, Baba."

Alhaji ya sake leƙawa. "Wato duk tashin hankalin nan, fitsari take yi?"

"Shi ke nan."

Ya waiga ya ga Sabuwa ba ta kusa, ya rage murya. "Ba ta tsayawa? Ba ta nishi? Malama, ni nawa sai na roƙe shi. In an jiƙa ta an sha fa?"

Washegari da kanta ta sa shi a trotro zuwa asibiti, likita ya rubuta masa magani, ya kuwa samu sauƙi. Har yau tana koyarwa a Maamobi. Duk ranar da za ta nuna wa ɗalibai tsutsar, Alhaji kan sa babbar riga ya zauna a bencin gaba, kuma ba ya barin ta gama bayani bai gyara mata ba.