Ba Wuƙa Ce Ta Kashe Balki Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Balki, telar matan unguwarmu a Gummi, kuma ban taɓa jin rashinta kamar bana ba.

Ciwon daji ne ya kama ta a mama. Sai da ya fashe muka sani, muka kai ta asibiti a birni. Aka yi aiki, aka ɗora ta a kan magani, bai karɓe ta ba, aka canza wani, gashi ya zube, jiki ya ƙare. Tun ranar da Balki ta rasu, mahaifiyarmu Inna ta riƙe abin da mutanenmu suka daɗe da riƙewa: daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Kowa yana iya kawo sunan wadda aka yanka ta mutu. Ba mai tambayar yaushe aka kai ta.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma kwanan baya na karanta abin da ya hana ni sukuni. Masu bincike a waje suna ɗibar ƙwayoyin daji daga jikin mara lafiya, su gauraya da wani abu mai kaurin kunu, na'ura ta riƙa ɗora shi hawa-hawa har ya zama ɗan ƙullutun daji a cikin faranti. A kansa ake gwada magunguna. Bincike ne har yanzu, bai iso mu ba. Amma na san abin da Balki za ta ce, ita da ba ta sa almakashi a shaddar mutane sai ta gwada ɗinkin a ƙyalle. Dariya za ta yi, ta ce sai yanzu likitoci suka koyi ɗinki. Ni kam baƙin ciki nake ji, don ita ce ta zama ƙyallen.

Watan jiya ɗiyarta Saratu, mai goyo, ta ji ƙullutu a mamanta. Likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama an duba. Inna ta ce sai dai bayan ranta, mijin Saratu kuma ya ce shi ba ya tsallake maganar tsohuwa. Ga hanya ba lafiya saboda 'yan bindiga. Muna ta kai-kawo, ƙullutu yana nan.

Ran da na samo motar da za ta kai Saratu asibiti a birni, Inna ta zauna a bakin ƙofa.

"Ƙarhe ya ɗauke min uwatta," ta ce. "Ba ni ba ku wagga."

Saratu ta durƙusa a gabanta. "Kaka, ni na riƙa wanke ma innata tsumman ciwon a ɓoye, wata da watanni. Ba wuƙa ta kashe ta ba. Ɓoyo na."

Inna ta dubi yaron da ke goye a bayan Saratu. Can ta miƙa hannu. "Kwanto min yaron. Hanyag ga ba ta jinjiri ba ta."

Balki ba ta bar mana gida ba, ba ta bar mana gona ba. Abin da ta bar mana Saratu ce, kuma ita ce yanzu a tsakanin tsoro da fata. An ɗebi naman, sakamako bai fito ba. Duk wayar da ta yi ƙara a gidanmu, Inna ce ke fara miƙewa.