Carbin da Ba Ya Hawa Sikeli

Mun tashi da asuba daga gonar da muke aiki a Kharj, mu uku a tsohuwar motar kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu. Da ni, da direba, da abokin ɗakina mutumin Zonkwa, ɗan Katolika, wanda kwantiraginsa ya ƙare zai koma gida. Burinsa ɗaya ne: ya sayar da tarkacensa a Riyad, ya sai wa matarsa keken ɗinkin da ya yi shekaru yana mata alkawari.

Hanya lafiya lau, ba rami ba shinge, sai manyan motoci da gonakin dabino. Mun karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis a shagon wani Ba'afgane. Direba ya cinye rabona yana ba ni labarin wai ba ya cin abinci da safe.

A kasuwar gwanjo muka sayar da fanka, bargo da tukunyar shinkafa. Ni ne ɗan ciniki, don Larabcin mutumina bai wuce gaisuwa ba. Kuɗin dai bai kai ba. A ƙasan jakar tarkacensa na ga wani carbi ruwan zuma, mai nauyi, na ce a raina ai ga sauran kuɗin keke. Ban tambaye shi ba na zura a aljihu, muka nufi Dira, inda dattawa ke cinikin tsofaffin carbuna a bayan ganuwar Masmak.

Mutumina yana can yana kallon takalma, ni na miƙa wa wani dattijo carbin. Ya murza, ya shinshina, ya ce kahraman ne na gaske, wato dutsen carbi mai tsada. Sai ya fara ja, ya tsaya, ya sake ja.

"Wannan wane irin zikiri ne goma-goma?" ya tambaye ni.

Sai a lokacin na lura. Ashe rozari ne, carbin 'yan Katolika. Mutumina ya cire gicciyen tun kafin ya shigo ƙasar, don kada a tsare shi da tambaya. Dattijon bai damu ba, ya ce zai warware ya sake shiryawa, ya faɗi farashin da ya isa keke har da zare.

Mutumina ya iso, ya karɓe abinsa a hankali.

"Malam, wannan ba na sayarwa ba ne. Na mamana ne, Fada, limamin cocinmu, ya sa masa albarka."

Raina ya ɓaci, gaskiya. Na ce to ya sayar da duwatsun ya riƙe albarkar mana. Ya yi dariya, ya ce kusan haka koyarwarsu take: albarka ba ta bin ciniki, ranar da aka karɓi kuɗi ta tashi, mai saye duwatsu kawai ya saya. Kyauta ana yi. In ya lalace a binne ko a ƙone, ba a jefawa a shara. Ya ce shi ba zai iya mayar da carbin uwarsa duwatsu ba.

Dattijon ya ƙara kuɗi. Da na fassara masa dalili sai ya daina, ya zuba mana gahawa.

Mun juyo bayan la'asar ba keke. Wajen fita gari mutumina ya kira matarsa ya gaya mata komai, muna ji. Ta ce yara suna kiranta, ta kashe. Har muka shiga gona direba ma bai kunna rediyo ba.

Na tausaya masa, na tausaya mata, kuma har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shekara da shekaru muna kwana ɗaki ɗaya, ina sallata a gabansa, ban taɓa tambayarsa yaya shi yake tasa addu'ar ba. A ƙarƙashin bargo yake yi, don kada ya dame ni.