Katin asibitin 'yar fari

Ina koyarwa a wata makarantar gwamnatin tarayya a Ƙaura lokacin da inshorar lafiya ta iso mana. Aka ce kowa ya zaɓi asibiti ɗaya da zai riƙa kai iyalinsa. Ni da ma ban iya sayen tumatir ban juya shi ba, balle likita. Na bi asibitocin garin ina leƙen bango, ina tambayar ko suna karɓar katin inshorar. Wani ya ce in dawo gobe, wani ya ji haushi don na nemi ganin lasisinsa. Daga ƙarshe na samu wata likita mace, takardar karatunta da lasisin shekarar suna rataye inda kowa zai gani, kuma tana karɓar kati. Na sa 'ya'yana duka.

Sai dai ɗaya ba ta hannuna. 'Yata ta fari tun yaye take Shinkafi wajen surukata, Inna. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban manya. Mijina yana aiki a Zurmi, kuma kunyar da ta ɗaure ni ta ɗaure shi.

Yarinyar ta kama tari mai sarƙe numfashi. Inna na kai ta wajen wani mai kemis a bakin kasuwa, duk unguwa likita suke ce masa. Na raka su sau ɗaya. Na duba bangonsa sarai, ba komai sai kalanda da hotonsa cikin farar riga. Ya tsira mata allura bai ko saurari ƙirjinta ba, ni kuwa ina tsaye ina kallon kwalaben magani kamar 'yar maƙwabta aka kawo.

Zuwa Shinkafin ma aiki ne. Shari'a ta hana mata hawa kabu-kabu, sai in zauna a tasha ina jiran motar mata ta cika, katin yana cikin jakata. In na isa in gaishe da Inna, in tambayi awaki, in tambayi zafi, sannan can in ce, "Ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Ina jin numfashin daga ɗaki kamar ana jan zarto. In koma Ƙaura in yi ta masifa da almajiran ajina ba su yi komai ba.

Ranar da na tarar leɓen yarinyar ya yi duhu, na durƙusa na ce, "Inna, zan tafi da ita asibiti. 'Yata ce."

Inna ta dube ni. "Ɗiyar fari kika kira taki gabana? To, shi ke nan. Ki tahi da abinki."

Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ta ƙulle kayan yarinyar kaf, har ɗan kwanon da take shan fura, ta aje a bakin zaure. Na roƙe ta ta biyo mu, ta ce ba ta shiga tsakanin uwa da ɗiya. Tun daga tasha har Ƙaura Inna kawai yarinyar take kira.

Likitar ta karɓi katin, ta ɗora abin awo a ƙirjinta, sannan ta juyo gare ni. Yaushe tarin ya fara? Me ke tayar mata da shi, hayaƙi ko sanyi? Wace allura ake mata? Akwai maganin da jikinta ba ya so?

Ko ɗaya ban sani ba. Likitar ta aje biro ta tambayi yarinyar a hankali wa ke kula da ita a gida.

"Inna," in ji ta. Ta nuna ni da baki. "Wagga kawo ni kawai ta yi."