Filin Wasan da Aka Kunna Wuta a Ƙarƙashinsa

Mun tashi da asuba daga Jarwal, unguwarmu a Makka, ana idar da salla a Harami, ni da wani ɗalibi ɗan unguwar Tandabawi da zai koma karatu Amurka, wanda aka ɗora wa jagorancina. Abu ɗaya ne ya ɗaga ni: in je in taho da ɗana na fari. Shekararsa biyar a can, ga shi an baza a unguwa cewa haɗa bom yake koyo. Tun da uwarsa ta ji ta daina cin abincin kirki. A bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, kada ka dawo mini kai kaɗai."

Ba ta faɗi sunansa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Mun shekara talatin a Makka, amma kunyar Kano ba ta sake mu ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama a yi zance da shi ido da ido. Ko wasiƙa, ƙanensa nake sa wa ya rubuta cewa "an ce a gaya maka".

Mota ta sauke mu Jidda da hantsi, muka hau jirgi. Ni da na zo ƙasar nan da ƙafa ta Chadi da Sudan, shekara uku a hanya, sai ga ni a saman gajimare ana miƙo mini shayi. Mun yada zango a Beirut da London, inda kuɗin kofi ɗaya zai ciyar da gidana da waken ful da gurasa. Daga nan rana ta ƙi faɗuwa. Muna binta tana gudu, har na rasa ko azahar nake ciki ko la'asar, na bar wa Allah lissafin.

A Chicago ɗan nawa ya tarye mu, ya yi tsawo, ya rame. Na kau da kai, na tambayi abokin tafiyata ko mutanen nan suna lafiya. Washegari abokin nawa ya hau jirgin ƙasa zuwa garin da yake karatu, ya bar mu ba ɗan aike. Kwana uku muna ɗaki ɗaya. Ya dafa shinkafa ya ajiye, ya nuna mini alƙibla da yatsa, wai arewa maso gabas. Mutumin da ya saba leƙa taga ya hango hasumiyar Harami, yau ga shi yana fuskantar bangon kicin. Maganar da ta kawo ni kuwa ta ƙi fita.

Ya kai ni bakin wani tafki da ba a hango ƙarshensa. Na ɗauka teku ne, na ɗiba na ɗanɗana, na ji ba gishiri. Kafin in buɗe shago, shekara goma sha biyar ina ga-ruwa a Makka, garwa biyu a sanda, ina hawa gidajen kan dutse. Na zauna ina kallon ruwan nan yana kai da komo, ba mai layi, ba mai faɗa, har na ji kamar mafarki nake.

Rana ta huɗu ya tsaya da ni a filin wasan jami'arsu. Ciyawa shar, samari na gudu a kewaye, wasu na buga ƙaramar ƙwallo ta kan raga. Ya nuna wani allon ƙarfe, ya yi magana yana kallon ƙasa. A nan, in ji shi, da akwai ginin da 'yan kallo ke zama, an rushe shi yanzu. Lokacin yaƙin duniya na biyu, a wani ɗakin wasa da ke ƙarƙashinsa, malamai suka jera baƙaƙen tubala irin abin cikin fensir, suka cusa wani ƙarfe mai nauyi a tsakaninsu. Nan ɗan Adam ya fara kunna wutar nukiliya da hannunsa, ya kuma iya kashe ta. Ba harshe, ba hayaƙi, ƙarfinta ranar bai isa ya kunna fitila ba. Duk da haka sai da aka tsayar da mutum da gatari a gaban wata igiya. In abin ya fi ƙarfinsu ya sare ta, sanda ta faɗa ciki ta kashe wutar. Kafin shekara uku, jikar wannan wuta ta cinye birane biyu a Japan.

Na yi zaton zan ga ƙasa ta ƙone. Na durƙusa na taɓa ciyawar, sanyi ƙalau.

Sai ga wani tsoho baƙar fata mai yankan ciyawa ya matso. Ya ce tun lokacin yake aiki nan. Yakan ga Turawa suna fitowa daga ƙarƙashin ginin sun yi baƙi ƙirin kamar masu sayar da gawayi, ba wanda ya gaya masa kome. Ɗana na fassara, ni kuwa sai na ga Allah ya kawo mini ɗan aike. Na fuskanci tsohon na ce da Hausa, "Ya shehi, ina da wani mutum a garin nan, an ce wutar nan yake koyo. Uwarsa ba ta barci. Ka tambayar mini shi, wa zai ƙona?"

Dole ɗan nawa ya fassara. Tsohon ya dube ni, ya dube shi, ya cire hularsa ya tsaya tsakaninmu. Amsar ma tsohon aka fuskanta da ita, sai dai an manta da Turanci, da Hausa ta fito.

"Ka gaya wa Abuya, mahaifina, ban manta kantar da ke kafaɗarsa ba. Wallahi ba bom nake koyo ba. Wutar nan in an tsare ta za ta tafasa ruwan tekun Jidda ya zama na sha. Ƙarin shekara huɗu nake roƙo. In bai yarda ba, halas, shi ke nan, jakata a ɗaure take."

Na daɗe ina kallon samarin nan suna gudu a kan wurin da aka yi abin. Tausayinsa ya kama ni, tsoron fuskar uwarsa ma ya kama ni. Na gane yau ni aka tsayar da gatari. Na ce wa tsohon, "Gaya masa ya kwance jakarsa." Tsohon bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gyaɗa kai ya koma kan aikinsa.

Na iso Jarwal da azahar, zafi ya rungume ni kamar ɗan'uwa. Abin da tafiyar ta koya mini ba game da Amurka ba ne. Na ƙetare teku don magana ɗaya, kuma da ba don mai yankan ciyawa ba da na dawo da ita a bakina.

Uwarsa ta leƙa bayana, ta sake leƙawa. Na zauna na zayyana mata kome, ina jiran faɗa. Ta ƙara mini shayi, sannan ta ce, "Shekara huɗu. Allah ya kai ni." Can kuma ta ce, "Faɗa mini abin da ya ce, yadda ya faɗa."

Na maimaita mata. Yau kwanana tara da dawowa, kullum bayan la'asar sai ta sa na sake.