Galan da ƙishirwar Yaya Umaru

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana Umaru, manomin albasa a Bakolori. Ya bar mata da 'ya'ya a Bakura, ni kuma ya bar mini wata hira da har yau nake juyawa a raina.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi a Talata Mafara. Likita ya ƙayyade masa ruwan sha, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shayar da gona da injin ban-ruwa mai shan fetur galan-galan. Ƙishirwa ta fi ciwon damunsa. Wata rana da hantsi ya ƙura wa galan ɗin ruwan alwalata ido, har na ji tsoron zai roƙe ni in saɓa wa likita. Sai ya ce, "Habibu, wai wagga kalma, galan, tamu ce?"

Na ce ta Turawa ce. Ya ce in bincika a waya, ko zai manta da maƙogwaronsa.

Na karanta masa cewa Turawan Ingila ma daga bakin mutanen arewacin Faransa suka karɓe ta, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Sun auna giya da ita, sun auna hatsi. Da ta haye teku sai ta rabu, galan ɗin Amurka bai kai na Ingila ba. A wurinsu ma'auni ce, mu kuwa ko babu komai a ciki galan muke cewa. Ana zaton can asali sunan wani guga ne ko tulu, amma daga nan sawu ya ɓace, masanansu ba su da tabbas.

Ya yunƙura ya zauna. "Ashe su ma aro sunka yi! Wani bawan Allah ya raɗa wa gugansa suna, ya mutu, ba a san kabarinsa ba, ga sunan ya iso bakin injina. Allahu Akbar!"

Har azahar bai nemi ruwa ba. Bai kai ƙarshen watan ba.

Yau maƙwabtan gonarsa da hasken rana suke jan ruwa, fetur kuma da lita ake sayarwa. Na san da yana nan, sai ya tambayi inda lita ta fito.

An sayar da injin, ƙanin matarsa ke noma gonar. Abin da ya rage mini shi ne fuskarsa a ranar: leɓɓa a bushe, mutuwa a kusa, yana ta mamakin ikon Allah kamar yaro. Allah Ya shayar da shi ruwan Alkausara.