Ragowar Kwanon Baba

Ɗazu na bi ta bayan kasuwa, warin ruɓaɓɓen tumatir ya dake ni, sai ga ni a tsakar gidanmu na Bagauda ina ɗan yaro. Kai ka toshe hancinka, ni a cikin warin nan na tashi.

Fataucin tumatir babanmu yake yi. Da rani ya sari kaya a bakin gona, a cika kwanduna, a loda wa mota ta nufi Kudu. Daga nan sai jira. Babu waya a lokacin, sai ya kwana biyar bai sani ba ko kaya sun isa, ko mota ta lalace a hanya rana ta narkar da jarinsa. Sai da na girma na gane fargabar nan ba ta ƙarewa da dawowar direba. In an faɗi ya yi tagumi, in an ci riba ya shiga zullumin lodi na gaba. Har da damina, da babu sari babu lodi, za ka same shi a zaure yana magana shi kaɗai.

Mu kuwa yara abin ya yi mana daɗi. A gidanmu ragowar maigida ta yara ce, kuma kwanonsa ake zuba wa man shanu da tsokar kifi. Baba ya yi loma biyu ya ture. Ni da ƙanwata mun gane ranakun jira su ne ranakun cikakken kwano, har fata muke motar ta daɗe a hanya. Allah ya yafe mana.

Kakarmu, wadda ta haife shi, ita ta lura. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake, ko gaisuwarsa tana kallon bango take amsawa. Wata rana ta kama ni ina suɗe kwanon a bayan rumbu.

“Maigidan, ka yi kumatu,” in ji ta, don haka take tsokanata. “Ka san daga jikin wa suke fitowa?”

Da yamma na dubi Baba da kyau. Rigarsa ta yi masa yawa, ƙasusuwan wuyansa duk a waje.

Washegari bayan azahar ta karɓi kwanon daga hannun innarmu, ta ɗauka da kanta har zaure. Ta zauna a gabansa, abin da ba wanda ya taɓa gani, ta buɗe murfin. Ya sunkuyar da kai ya ce ba ya jin yunwa.

“Ban tambaye ka ba. Tumatir ya lalace a can, kai kuma ka lalace mini a nan? Ci, ina kallo.”

Ya cinye tas. Ba zan ce ta raba shi da damuwa ba, da damuwarsa ya koma ga Allah. Amma tun daga ranar ta ajiye kunyar ɗan fari, kullum sai ta tsare shi ya ci, har ƙarfinta ya ƙare. Ni kuwa na yi sati ina fushi da ita saboda kifin da na rasa.

Yanzu ina da shagon taki da maganin feshi a Tudun Wada. Ba na jiran direba kwana biyar, fargabata tana aljihu, waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, farashi ya sake juyawa. Har maganin hawan jini an ɗora ni a kai. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai. A shago nake cin abincin rana, a ’yar roba, in yi cokali biyu in rufe in ture ƙarƙashin kanta. Har yau babu wanda ya san ba na ci.