Yadda Tsoho Kuramochi Ya Sauko da Tashar Bas

Na fara haɗuwa da Kuramochi ranar 9 ga Afrilu, 1998, a ƙofar zauren taron unguwarmu, inda nake magatakarda. Ranar ce na kawo shawarar a roƙi kamfanin bas ya sauko da tasha daga kan tudu zuwa bakin gada, saboda wata tsohuwa, Hatanaka, da ke zuwa asibiti sau uku a mako, ga gwiwoyinta sun daina hawa. Shafi goma sha ɗaya na rubuta, har da awon tudun. Kowa ya sunkuyar da kai, aka ce za a duba. A wurinmu wannan a'a ce.

Da aka tashi, tsoho Kuramochi yana sa takalmi ya tambaye ni gida nawa na shiga kafin taron. Na ce ko ɗaya.

Ya ce, "Ka yi wa mutane kwanton ɓauna da takarda, kuma kana jiran su gode maka? Magatakarda, ina nemawashi?"

Kalmar na san ta: bin mutane ɗaya bayan ɗaya da lallashi kafin ranar taro. Yadda ake yi ne ban sani ba, sai na bi shi da littafina.

Gida ashirin da uku muka shiga cikin wata biyu. Mun sha shayi. Mun yaba furannin mutane. A gidan mai awara Kuramochi ya yi awa guda yana sauraron labarin ciwon baya, sannan ya ce gwiwa ma haka take, muka tashi. Ko sau ɗaya ban ji ya ambaci bas ba. A gida na goma sha huɗu na buɗe baki zan faɗa, ya mintsine ni.

A taron Yuni, shugaban unguwa, wanda tashar take ƙofar gidansa, ya miƙe ya ce ya daɗe yana tunanin a sauko da ita. Cikin minti huɗu aka amince.

Bayan taron na ce wa Kuramochi, "Baba, a wane gida aka shawo kansu?"

"Ba kai ne mai rubutu ba? Duba littafinka mana."

Na duba sau uku. Sunaye ne, da ranaku, da shayi. Har yau ban gano gidan ba.

Hatanaka ta yi shekara shida tana hawa bas a bakin gada. Kuramochi ya rasu a Nuwamban 2007. Babu sunansa a kundin taro, domin bai taɓa magana a zauren ba.